Kiran Ɗalibi da Sunansa a Ajin Koyon Harshe

Malaman da ke koyar da Turanci ko Yarbanci ga Hausawan unguwannin Agege, Idi-Araba da Mile 12 a Legas ba su gaji da yi mini waɗannan tambayoyi ba, don haka ga amsoshinsu a wuri ɗaya.

Shin dole ne malami ya haddace sunayen ɗalibansa?

Dole ne. Yaron da ake ce wa "kai mai jar riga" ba zai buɗe baki ya gwada harshen da bai iya ba.

In kira sunan da ya zo farko a rajista?

A'a. Rajista takan fara da sunan mahaifi, malaman Legas da yawa kuma da shi suke kiran yara, alhali ɗan Bahaushe ba ya jin daɗin a ambaci sunan ubansa gatsau a gaban tsararrakinsa. Ku tambayi yaron da kansa, domin wanda aka rubuta Usman yana iya zama Abba a gida saboda ya ci sunan kakansa.

A ajin manya na dare, inda Alhaji ke zaune tare da yaran shagonsa, yaya za a yi?

Wannan kam tana da wuya, ba ni kuma da amsa guda da za ta dace da kowane aji. Darasin farko na Turanci gabatar da kai ne, kowa ya faɗi sunansa ya tambayi na maƙwabcinsa, amma yaron shago ba zai iya duban ubangidansa ya kira sunansa ba, haka matar aure ba za ta ambaci sunan mijinta ko na ɗanta na fari ba saboda kunya. Shawarata ita ce malami ya bar wa dattijo Alhajinsa ko Malam ɗinsa, ya haɗa shi atisaye da sa'ansa, matar kuma ta yi amfani da sunan misali. Sai dai wanda ke neman aikin ofis yana bukatar sabawa da faɗin cikakken sunansa, don haka a yi masa wannan atisayen, watakila bayan an tashi. Kada ku damu idan makon farko ya zo da ɗari-ɗari, yakan wuce.

Zan iya sauya wa ɗalibi suna don ya dace da harshen da yake koyo?

Wa ya ba ku wannan izini? Dokar jihar Legas ta 2018 koyar da Yarbanci ta wajabta a makarantu, ba ta ce Ibrahim ya koma Buraimo, yadda Yarabawa ke kiran sunan, ba. Idan ɗalibi ya zaɓi hakan da kansa, ruwansa.

A farkon tambaya zan kira suna ko a ƙarshenta?

A ƙarshe. Ku yi tambayar, ku ɗan dakata, sannan ku kira suna, domin da zarar an ce Talatu tun farko, sauran ajin sun daina saurare.