Waiwaye: ECOWAS ta buɗe wa talaka iyaka, to wa ke ɗaukar nauyinsa idan ya kwanta?

A ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta tabbata. Hukumar ƙungiyar da ke Asokoro a nan Abuja ta sanar cewa a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanen ƙasashen uku, a bar su su shiga su zauna kamar da, har sai an yanke wata shawara. Wannan ya kwantar da hankalin mutane da yawa a Zuba da Dei-Dei da Mararraba, inda 'yan ci-rani daga Maraɗi da Damagaram da Tawa ke gadi da ga-ruwa da sayar da shayi da aikin gini. Sai dai abin da sanarwar ta tsare wa talaka shi ne damar tsallake iyaka da zama da kasuwanci kawai. Ba ta taɓo abin da zai faru da mutum idan ciwo ya kwantar da shi, ko ya faɗo daga bene a wurin aiki, ko tsufa ya cim masa ba, domin dama can babu wani tanadi mai kauri da aka yi masa a wannan fanni.

Tsarin da gwamnati ke ɗaukar nauyin marar lafiya da tsoho da wanda ya rasa aiki a Turai ya yi ƙarfi, kuma tun asali a cikin iyakar ƙasa aka gina shi. Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus, ya kawo inshorar lafiyar ma'aikata a 1883, ta haɗarin aiki a 1884, ta tsufa a 1889. Birtaniya ta kafa hukumar lafiyarta ta kyauta a 1948. Kowace ƙasa 'ya'yanta take tara wa kuɗi, su kuma take biya. Da ƙasashe shida suka sa hannu a yarjejeniyar Rum a 1957 suka amince ma'aikaci ya je aiki inda ya ga dama, nan da nan matsalar ta bayyana. Ɗan Italiya da ya yi shekara goma a ramin kwal na Beljiyam, sannan ya koma gida, wa zai biya shi fansho? A 1958 suka yi doka a kan haka. Ba su haɗe asusunsu wuri ɗaya ba. Sun dai yarda a riƙa tara shekarun da mutum ya yi aiki a kowace ƙasa a lissafa su tare, kowace ƙasa ta biya kasonta, kuɗin kuma ya bi shi duk inda ya zauna.

Ko a can ɗin ba a ce an gama ba. Kasafin Tarayyar Turai bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasashenta ba, alhali yawancinsu suna kashe fiye da kashi 20 a kan walwalar jama'arsu. Da bashi ya shaƙe Girka a 2010, an ba ta rance ne bisa sharaɗin ta zaftare albashi da fansho. Ƙorafin cewa baƙi na cinye abin da aka tara wa 'yan ƙasa yana cikin abubuwan da suka ingiza ƙuri'ar ficewar Birtaniya a 2016. Sai da annobar korona ta zo a 2020 suka yarda su ci bashi tare, yuro biliyan 750, don tallafar waɗanda abin ya fi shafa.

Mu namu tarihin ta wata hanya ya biyo. Tun kafin Bature ya ja layi tsakanin Katsina da Maraɗi, fatake na tafiya Gwanja sayen goro, kuma ba su tafiya a kan babu. A kowane zango akwai fatoma da zai sauke baƙo, ya ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya tsaya masa a ciniki. Idan rigima ta taso akwai sarkin zango. Idan mutum ya rasu akwai liman da jama'ar da za su yi masa sutura, su aika gida da labari da abin da ya bari. Zangunan Salaga da Kumasi da Akara a kan wannan amana suka ginu. Har yau haka ake yi a Abuja. Yaron da ya sauka a tashar Zuba ba ofis yake nema ba, ɗan garinsu yake nema. Idan ya kwanta asibiti, karo-karo ake yi a masallaci bayan sallar isha'i, ko mai riƙon adashe ya ce a ba shi ɗauka kafin lokacinsa.

Ina girmama wannan tsari matuƙa, amma ba na son a riƙa fakewa da shi. Zumunci na iya biyan kuɗin zazzaɓi da na motar komawa gida. Ba ya iya ɗaukar wankin ƙoda, ko ciyar da magidancin da ƙashin bayansa ya karye har ƙarshen ransa, saboda masu karo-karon su ma abin da za su ci gobe suke nema. Kuma an sha gani cewa rana ɗaya gwamnati kan rushe abin da jama'a suka yi shekaru suna ginawa.

A Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta Gana ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su fice. Yarbawa da Hausawa da dama, wasu a can aka haife su, suka bar gidaje da rumfuna. Bayan shekara shida, a ranar 28 ga Mayun 1975, aka kafa ECOWAS a Legas bisa ƙoƙarin Janar Yakubu Gowon da Eyadema na Togo. A 1979 aka sa hannu a Dakar a kan yarjejeniyar zirga-zirga, wadda ta bai wa ɗan yankin damar shiga kowace ƙasa ba biza har kwana 90, tare da alkawarin haƙƙin zama da na kafa sana'a daga baya. Ba a cika shekara huɗu ba, farashin mai ya faɗi, ayyuka suka ƙafe, gwamnatin Shehu Shagari ta yi wa baƙi irin abin da Busia ya yi. A Janairun 1983 aka kori fiye da mutum miliyan ɗaya, mafi yawansu 'yan Gana, har da 'yan Nijar da Chadi. Gwamnatin Janar Buhari ta sake wata korar a 1985. Mutanen da suka yi shekaru suna koyarwa a makarantunmu da aiki a masana'antunmu suka tafi da abin da jaka za ta ɗauka.

Waɗanda suka kafa ƙungiyar sun yi tunanin taimakon juna, amma tsakanin gwamnatoci. Sun tanadi asusun biyan diyya ga ƙasar da ta yi asarar kuɗin kwastan, wanda daga baya ya zama bankin ƙungiyar da ke Lome. Sun kafa hukumar lafiya ta yankin a 1987. Akwai harajin rabin kashi ɗaya cikin 100 a kan kayan da ake shigowa da su daga wajen yankin, wanda da shi ake tafiyar da ofisoshin Abuja. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cewa tun 1982 aka amince da katin inshorar mota da ke aiki a ƙasashen ƙungiyar, ta yadda direban da ya yi haɗari a Kwatano ko Yamai za a biya wanda ya buge. An riga an yi wa mota hanya tun wancan lokacin, amma sai a 2013 shugabanni suka amince da yarjejeniyar tsaron rayuwar ma'aikata, mai kama da ta Turai ta 1958.

Yarjejeniyar tana da kyau a takarda: a daidaita baƙo da ɗan ƙasa, a tara shekarun aiki, fansho ya bi mutum gida. Matsalar ita ce tana amfanar wanda dama sunansa na cikin wani asusu. Turai ta haɗa tsare-tsaren da suka riga suka mamaye kusan kowa. Mu kuwa, mafi yawan masu aiki ba su da takardar ɗaukar aiki, balle lambar fansho. A Nijeriya an sauya tsarin fansho a 2004, inshorar lafiya ta fara aiki a 2005, an buɗe ƙaramin fansho na masu sana'ar hannu a 2019, dokar 2022 kuma ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Duk da haka, ka tambayi masu dako a kasuwar Wuse ko masu fasa dutse a Mpape, 'yan ƙasa ma ba baƙi ba, ka ji mutum nawa ne ke da kati. Don haka ma'aikacin banki da aka yi wa canjin wurin aiki daga Abuja zuwa Abijan shi ke da abin da zai ɗauka ya tsallaka da shi.

Sannan aka zo 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, ECOWAS ta rufe iyakoki, ta tsayar da hada-hadar kuɗi, Nijeriya ta yanke wutar da take ba ƙasar. Ba na goyon bayan mulkin soja. Amma waɗanda suka ɗanɗana kuɗar takunkumin su ne 'yan kasuwar Jibiya da Illela da Maigatari, da direbobin da kayansu suka lalace a bakin iyaka, da iyalan da ke jiran abin da mai gadi a Gwarimpa zai aiko. Babu wani asusu da ya biya su ko sisi. Waɗanda suka tsaya a tsakani har zafin ya ragu su ne Sarkin Musulmi da Janar Abdulsalami, da tawagar malamai da ta je Yamai, da sanatocin Arewa da suka ƙi amincewa da yaƙi. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma wata guda kafin nan ƙasashen uku sun riga sun sanar da ficewarsu.

A ganina wannan ne ya sa talakawa da yawa a ɓangarorin biyu ba su yi kukan rabuwar ba. Ba su taɓa karɓar magani ko fansho ko diyya da sunan ƙungiyar ba, takunkumi kuwa ya same su har cikin tukunya. Akwai abubuwan da za a iya farawa da su ko da ba a koma inuwa ɗaya ba. Hukumar haɗin gwiwar Nijeriya da Nijar tana nan tun 1971, kuma ta hanyarta za a iya amincewa katin lafiyar Katsina ya yi aiki a asibitin Maraɗi, na Maraɗi ya yi aiki a Katsina. A nan Abuja kuma, hukumar birnin na iya tilasta wa kamfanonin gini su yi wa kowane lebura rajistar diyyar haɗarin aiki, kamar yadda dokar 2010 ta tanada, ba tare da an tambaye shi daga wane gefen iyaka ya fito ba.