Karen Gadin da Ba Ya Jin Kiran Mai Shi Haɗari Ne a Cikin Gida

A shekarun nan da matsalar tsaro ta addabi birane da ƙauyuka, gidaje da gonaki da wuraren kiwon kaji da dama sun koma ajiye karnukan gadi, kuma da yawa daga cikin masu sayen ba su taɓa kiwon kare ba. Mu ma'aikatan lafiyar dabbobi, abin da aka fi tambayarmu idan an kawo ɗan kwikwiyo shi ne yadda za a yi ya zama mai zafi, ba kasafai ake tambayar yadda za a yi ya riƙa jin magana ba. Bayan wasu watanni sai a dawo da labarin ya ciji ɗan maƙwabta, ko ɗan garuwa, ko yarinyar da ta shigo talla, wani lokaci ma ɗan mai gidan. Amfanin karen gadi yana ga mai shi ya iya kiransa ya dawo a lokacin da ya fusata. Wanda ba ya jin kira ba ya bambance ɓarawo da baƙo, kuma alhakin duk ɓarnar da ya yi yana wuyan wanda ya ajiye shi.

Gyara yana farawa tun kafin a biya kuɗin kare, domin kowane iri akwai aikin da aka daɗe ana zaɓensa dominsa, kuma halin wannan aiki yana nan a jininsa. Karen Jamus, wanda jama'a suka fi sani da karen 'yan sanda, asalinsa na kiwon tumaki ne, kuma a shekarar 1899 wani hafsan sojan doki mai suna Max von Stephanitz ya kafa ƙungiyar da ta tsara irin. Yana da kaifin basira da saurin koyo, amma ba ya jure zaman banza. Idan aka bar shi babu motsa jiki babu abin yi, sai ya koma haushin babu gaira babu dalili, da tonon rami, da tauna duk abin da ya samu. Rottweiler ya samo sunansa daga garin Rottweil na kudancin Jamus, inda mahauta suke amfani da shi wajen kora shanu da jan keken nama, kuma namijinsa yakan kai kilo 50. Boerboel na Afirka ta Kudu, wanda manoma suka rena domin tsaron gona, sau da yawa ya fi shi ma girma. Duk wanda zai sayi ɗaya daga cikin waɗannan biyun ya tambayi kansa ko akwai mutum a gidan da zai iya riƙe igiyarsa idan ya fizga, kuma ko katangar gidan da ƙofarta za su iya tsare shi.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne ƙaton karen nan mai yawan gashi na tsaunukan Kokasus da ke tsakanin Turai da Asiya, wanda ake saye saboda kwarjininsa. An rena shi ne domin ya tsare garken tumaki daga kyarkeci a ƙasar sanyi da ƙanƙara, sai ga shi an kawo shi Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin watan Afrilu yake wuce digiri 40, an kuma sa shi a keji mai rufin kwano a tsakar rana. Kare ba ya fitar da zafi ta gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa. Idan kuka ga hakin ya yi tsanani, miyau yana dalala, yana tangaɗi, to zafi ya buge shi kuma yana iya mutuwa a ranar. A kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa da ruwa mai ɗan sanyi, a nemi likitan dabbobi nan take. Inuwa ta gaske da ruwan sha da ba ya yankewa wajibi ne ga kowane kare, balle irin wannan.

A ganina ana raina karenmu na gida ba bisa gaskiya ba. Ya saba da zafinmu, cimarsa ba ta da tsada, yana da kunne da hanci, kuma ga gidan da abin da yake buƙata shi ne a farkar da shi idan an taɓa ƙofa da dare, ya wadatar. Buzaye a yankin Azawak na Nijar da Mali suna da nasu dogon siririn kare mai tsananin gudu, wanda yake farauta yake kuma tsaron rugarsu, har ya yi suna a ƙasashen waje. Horar da kare kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mafarautanmu suna da karnukan da suke gane fito da kiran mai su a tsakiyar daji, kuma aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta yi maganar dabbobin farauta da aka koyar da su.

Lokacin da ya fi tasiri a rayuwar kare shi ne daga mako uku zuwa wajen mako goma sha biyu ko sha huɗu da haihuwa. Abin da ya saba da shi a wannan tsakanin yakan ɗauke shi a matsayin abin yau da kullum, wanda bai gani ba kuwa yakan ji tsoronsa idan ya girma, kuma tsoro ne yake haifar da yawancin cizo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin mako takwas, domin a wasansa da 'yan'uwansa yake koyon cewa cizo yana da zafi. Idan ya zo gida, a bar shi ya ga yara da tsofaffi, da mace mai hijabi da namiji mai babbar riga da rawani, ya ji ƙarar babur da janareto, ya ga awaki da kaji, duk cikin natsuwa ba tare da an tsorata shi ba. A riƙa taɓa kunnensa da ƙafafunsa da bakinsa a hankali, domin ranar da za a cire masa kaska ko a yi masa allura kada abin ya zama kokawa. Sai dai kada a fita da shi titi ko cikin karnukan da ba a san lafiyarsu ba har sai ya kammala alluransa na farko, waɗanda ake farawa daga mako shida zuwa takwas, saboda cutar amai da zawon jini da take kashe 'yan kwikwiyo da yawa.

Akasin wannan shi ne abin da ake yi da sunan sa kare ya yi zafi: a kulle shi a ɗaki mai duhu kada ya ga kowa, a bar shi da yunwa, a zuba masa barkono a abinci, a riƙa zungurarsa da sanda. Nakan tarar da irin wannan kare a bayan gida, ɗaure da gajeriyar sarƙa wadda ta cinye gashin wuyansa har ta yi gyambo, ƙasar da ke kewaye da turken ta zama santsi saboda zagaye, kwanon ruwansa a kife, kashinsa a gefen abincinsa. Idan na matso sai ya ja baya har ƙarshen sarƙar, jela a tsakanin ƙafafu, sannan ya zaburo. Wannan tsoro ne, kuma kare mai tsoro duk wanda ya fara cin karo da shi ranar da sarƙar ta tsinke shi zai ciza. Barkono ba ya ƙara masa komai sai ciwon ciki.

Kare yana gargaɗi kafin ya yi cizo, sai dai mutane ba su san alamun ba. Kaɗa jela ba kullum yake nufin murna ba. Idan jelar ta miƙe sama tana kaɗawa a ƙage, jikin ya sandare, ido ya kafe a kan mutum, to a ja baya. Idan yana lasar leɓe, yana hamma ba barci ba, yana kau da kai har farin idonsa ya bayyana, ya takura ne yana neman a ƙyale shi. Gurnani shi ne gargaɗin ƙarshe, kuma kuskure ne babba a doke kare saboda ya yi gurnani, domin abin da zai koya shi ne ya daina gargaɗi ya wuce kai tsaye ga cizo. A duba abin da ya jawo gurnanin a gyara shi.

Horon kansa ba ya buƙatar kuɗi. Minti biyar sau biyu ko uku a rana ya isa, kafin a ba shi abinci, a wurin da babu hayaniya, da 'yan ƙananan yankan dafaffen nama ko hanta a hannu. Kare ba ruwansa da ko da Hausa aka yi masa magana ko da Turanci. Abin da yake riƙewa shi ne sauti ɗaya da ba ya canzawa. Domin koya masa zama, a riƙe yankan naman daidai hancinsa, a ɗaga shi a hankali zuwa bayan kansa. Yana bin naman da hanci, gindinsa zai sauka ƙasa da kansa. Daidai lokacin sai a ce "zauna" sau ɗaya, a miƙa masa naman a cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, a yaba masa da murya mai daɗi. Saurin ladan shi ne sirrin abin, domin kare yana haɗa lada ne da abin da ya yi a wannan lokacin kawai. Saboda wannan dalilin ne dukan kare a kan takalmin da ya tauna tun da safe ba ya koya masa komai. Laɓewar da yake yi tsoron fuskar mai gida ce. Idan ya iya zama, sai a ƙara "tsaya": a nuna masa tafin hannu, a ja da baya taki ɗaya, a dawo a ba shi lada, a riƙa ƙara nisa da lokaci kaɗan-kaɗan. "Bari" kuma ana koyar da shi da abinci a dunƙule cikin hannu, ba za a buɗe ba sai ya janye hancinsa. Wannan kalma tana iya hana shi cin guba ko kama kazar maƙwabta.

Mafi muhimmanci duka shi ne "zo". A ɗaura masa doguwar igiya, a kira sunansa a ce "zo" da sakin fuska, idan ya iso a ba shi mafi daɗin abin da ke hannu. A fara a tsakar gida, sannan a gwada lokacin da yara suke wasa, sannan lokacin da ake buga ƙofa, har sai ya riƙa juyowa komai abin da ya ɗauke masa hankali. Ƙa'ida ɗaya ce ba a karyawa: kada a taɓa kiran kare domin a doke shi, ko da ya yi laifi, ko da ya ɓata lokaci kafin ya zo. Wanda aka kira aka doka sau ɗaya zai yi shakkar kiran gaba, kuma wataƙila kiran gaban shi ne na ranar da ya bi yaro. Idan ya ƙware sai a rage naman, a riƙa bayarwa jefi-jefi, yabo kuwa ya ci gaba.

Wajibi ne mutanen gida su zama baki ɗaya. Idan mai gida ya hana shi tsalle a jikin mutane amma yara suna yi masa dariya idan ya yi, horon ya rushe. Idan kuma mai gadi kaɗai yake ciyar da shi yana horar da shi, to karen na mai gadi ne, ranar da ya bar aiki babu mai iya tanƙwara shi. Iyaye su koya wa yara kada su jefi kare, kada su taɓa shi yana cin abinci ko yana barci, kada su kusanci karya mai shayarwa, kuma kada a bar ƙaramin yaro shi kaɗai da kare komai sabonsu. Idan baƙon kare ya tunkaro yaro, ya tsaya cak, ya sauke hannuwa, ya kau da ido, domin gudu da ihu su suke tayar masa da sha'awar bi.

Horo ba ya maye gurbin allurar rigakafin ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa cutar tana kashe mutane wajen 59,000 a shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar cizon kare, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tsira. Ana yi wa kare allurar yana da wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara, a kuma adana katin shaida. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa wannan rigakafi, kuma masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki, yaɗuwar cutar takan tsaya. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara aka ware domin yaƙi da ita. A sani kuma ba kowane mahaukacin kare ne yake yawo yana cizo ba. Wani yakan yi laƙwas, muƙamuƙinsa ya saki, miyau yana zuba kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya. Kada kowa ya sa hannu a bakin irin wannan kare.

Idan cizo ko yaƙushi ya auku, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar domin a fara allurai, ko da raunin ƙarami ne. Kada a ɗora gashin karen ko toka ko wani sassaƙe a kan raunin, kuma kada a ce sai an ga abin da hali zai yi, domin cutar takan ɓoye wata biyu zuwa uku kafin ta bayyana. Shi kuma karen, idan an san mai shi, a killace shi kwana goma a ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi, ana ba shi abinci da ruwa ba tare da an taɓa shi ba. Idan ya mutu a cikin kwanakin, ko an riga an kashe shi, kada a jefar da gawar a bola ko a feɗe ta. A sanar da ofishin kula da dabbobi mafi kusa domin su ɗauki kan karen zuwa ɗakin gwaji, a kuma gaya wa asibitin da ke yi wa wanda aka ciza allura duk sakamakon da ya fito.