Dokar jerin 'yan wasa a besbol ɗin Amurka: ba kullum rago ake saukewa ba

Duk wanda ya fara bibiyar MLB, babbar gasar ƙwallon besbol ta Amurka, ba ya jimawa sai ya ga abin da zai ɗaure masa kai. Matashi yana wasa kamar ya ci babu, an wayi gari kulob ya mayar da shi ƙaramar gasa, shi kuwa wani tsohon hannu da ƙwallo ke wuce shi yana nan daram. Magoya baya su yi ta yi wa koci ruwan zagi. Sau da yawa kocin ya san wanda ya fi iyawa sarai. Dokar jerin sunaye ce ta ɗaure masa hannu.

Gasar tana da kulob 30, ɗaya daga cikinsu a Toronto ta Kanada, kuma kowanne yana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum ke nan. Jiki ba ƙarfe ba ne, musamman hannun masu jifa, don haka shiga da fita ba sa ƙarewa. Kowane kulob yana riƙe da jeri biyu. Na farko mutum 26 ne, su kaɗai ke da izinin shiga fili a ranar wasa, kuma masu jifa, wato masu jefa wa mai bugu ƙwallo, a cikinsu ba za su wuce 13 ba. Daga 1 ga Satumba ana ƙara mutum biyu, su zama 28. Wanda ya haɗa jifa da bugu, irin Shohei Ohtani, in ya cika sharuɗɗa ba a lissafa shi cikin 13 ɗin, garaɓasa ce ga kulob ɗinsa. Jeri na biyu mutum 40 ne, ya haɗa waɗancan 26 da wasu da ke jiran kira a ƙananan gasanni. Ba a hawa na 26 sai ta ƙofar na 40, kuma kujerun nan 40 su ne ake faɗa a kai.

Da zarar an sa ɗan wasa a jerin 40, kulob yana samun kaka uku da zai iya sauke shi ƙaramar gasa ya kuma dawo da shi ba tare da neman yardar kowa ba. Kaka tana shiga lissafi ne idan ya yi kwana 20 ko fiye a ƙasa. Wanda aka sauke sai ya yi aƙalla kwana 10 kafin a dawo da shi, mai jifa kuma kwana 15, sai dai in wani ya ji rauni. Tun 2022 an taƙaita saukewar zuwa sau biyar a kaka ɗaya, saboda wasu kulob sun mayar da masu jifa 'yan zirga-zirga, yau a sama gobe a ƙasa, da jaka a hannu.

Idan kakannin nan suka ƙare, labari ya canja. Kulob ba zai sauke mutum ba sai ya fara tallata shi ga sauran kulob 29, kuma duk wanda ya miƙa hannu ya ɗauke shi da kwantiraginsa, waɗanda ke ƙasan teburi su ne kan gaba wajen zaɓe. To ka ɗauka wani gwani ya warke daga rauni, ana buƙatar kujera ɗaya. Ga matashi mai ƙoƙari wanda yake da sauran kakar saukewa, ga kuma wani da wasansa ya ja baya amma tasa ta ƙare. In an sauke matashin, kulob bai yi asarar kowa ba. In an taɓa ɗayan, mai yiwuwa ya tafi ke nan. Kaka doguwa ce, rauni kuma ba ya sallama, don haka shugabannin kulob sukan zaɓi riƙe mutum biyu maimakon ɗaya. Matashin ne zai hau mota. Wanda kuwa ya tara shekara biyar a babbar gasa, ba a sauke shi sai da yardarsa.

Akwai mataki mafi tsanani, wato cire mutum daga jerin 40 gaba ɗaya. Daga ranar kulob yana da kwana bakwai ya yi musayarsa da wani, ko ya tallata shi, ko a ƙarshe ya sallame shi. Ko manya ba su tsira ba. A Mayun 2021 Los Angeles Angels ta yi wa Albert Pujols haka, a shekarar ƙarshe ta kwantiraginsa na shekara 10 kan dala miliyan 240. Ya tsallaka kulob ɗin Los Angeles Dodgers a cikin watan, Angels kuma ta ci gaba da biyan kusan dukan sauran albashin, domin irin wannan kwantiragi ba ya mutuwa don an sallami mai shi.

Inda ni na fi ganin dokar ta yi wa matasa rashin kyauta shi ne lissafin kwanakin aiki. Kwana 172 a jerin babbar gasa shi ake ƙirgawa shekara ɗaya, alhali kakar takan kai kwana 186 ko 187. A shekaru uku na farko kulob ne ke ƙayyade albashi, yawanci dab da mafi ƙanƙanta, wanda ya kasance dala 700,000 a 2022 ya kuma kai 760,000 a 2025. Bayan shekara uku ɗan wasa ya samu damar kai batun albashi gaban masu sasantawa. Bayan shida ya zama mai 'yancin kansa, ya je inda ya ga dama. Wannan 'yanci ma da gumi aka same shi: Curt Flood ya ƙi yarda a yi musayarsa a 1969, ya faɗi a Kotun Ƙoli a 1972, sai a 1975 hukuncin wani mai sasantawa kan Andy Messersmith da Dave McNally ya buɗe ƙofar.

Kulob sun iya lissafi. Idan aka jinkirta kiran matashi da ɗan abin da ya haura mako biyu a kakarsa ta farko, ba zai cika 172 ba, sai kulob ya ci ribar kusan kaka bakwai a madadin shida. Kris Bryant shi ne misalin da kowa ke kawowa. A wasannin share fage na 2015 ya fitar da ƙwallo bayan shinge sau tara, babu wanda ya kai shi. Duk da haka Chicago Cubs ta ce yana buƙatar gyara wajen tsaron fili, ta tura shi ƙasa, sannan ta kira shi ranar 17 ga Afrilu. Ya gama kakar da kwana 171. Saura ɗaya tak. A shekarar shi ya ci kyautar gwarzon sababbin 'yan wasa na rukuninsa (gasar ta kasu rukuni biyu), a 2016 kuma gwarzon rukunin baki ɗaya. Ƙungiyar 'yan wasa ta shigar da ƙara, mai sasantawa ya ba kulob gaskiya a farkon 2020, Bryant bai samu 'yancinsa ba sai bayan kakar 2021. A takarda Cubs ba ta karya doka ba. Amma gyaran tsaron filin da ya kammalu daidai ranar da lissafi ya cika, sai mai son a yaudare shi zai yarda da shi.

Yarjejeniyar Maris 2022, wadda aka cimma bayan masu kulob sun rufe wa 'yan wasa ƙofa kwana 99, ta yi ƙoƙarin toshe wannan kafa. Wanda ya zo na ɗaya ko na biyu a zaɓen gwarzon sababbi ana rubuta masa cikakkiyar shekara ko da an makara wajen kiransa, kamar yadda Adley Rutschman na Baltimore ya samu a 2022. Kulob ɗin da ya fara kaka da fitaccen matashinsa, matashin kuma ya ci kyautar, ana ba shi ƙarin gurbi a zaɓen da kulob ke yi na ɗaukar sababbin 'yan wasa, Seattle ta samu haka da Julio Rodríguez. An kuma ware dala miliyan 50 duk shekara a raba wa matasan da ba su kai matakin sasantawa ba.

Rabon wannan kuɗi ya shigar da ma'aunin WAR cikin doka kanta. A da ana duba sau nawa mai bugu ya dace, wanda ya dace sau uku cikin goma gwani ne. WAR kuwa yana haɗa bugu da gudu da tsaron fili, ko jifa, ya ƙiyasta nasara nawa mutum ya ƙara wa kulob fiye da abin da ɗan cike gurbi daga ƙaramar gasa zai kawo. Mai 2 a kaka ya cancanci wurinsa, mai 5 tauraro ne, mai 8 yana neman kambin gwarzo. Ƙiyasi ne dai, har shafukan ƙididdiga na FanGraphs da Baseball-Reference ba sa fitar da lamba ɗaya ga mutum ɗaya.

A zaman sasantawa, ɗan wasa ya kawo adadi, kulob ya kawo nasa, alƙalai uku su zaɓi ɗaya, babu raba tsakiya. Ma'ana sai kulob ya zauna yana zayyano gazawar ɗan wasansa, shi kuma yana zaune yana ji. A Fabrairun 2023 Corbin Burnes, wanda ya ci kyautar gwanin jifa ta Cy Young a 2021, ya nemi dala miliyan 10.75, Milwaukee ta tsaya a 10.01, ta kuma yi nasara. Ya fito ya ce dangantakarsu ta samu tabo. Shekara ɗaya bayan nan aka yi musayarsa zuwa Baltimore.

Sai Doka ta 5, wadda ke hana kulob jibge matasa a ƙasa. Wanda aka ɗauka yana da shekara 18 ko ƙasa, in ya yi kaka biyar ba a sa shi jerin 40 ba, ko huɗu ga wanda ya girmi haka, wani kulob zai iya zare shi a watan Disamba kan dala 100,000. Sharaɗin shi ne ya zauna a babban jeri duk kaka, in ba haka ba a mayar wa masu shi a rabin kuɗi. Ta wannan hanya Pittsburgh ta ɗauke Roberto Clemente daga hannun Dodgers a 1954, ya kuma yi kaka 18 yana buga mata.