Waiwaye: Haƙoran Famfara da Gwajin Bam ɗin Nukiliya

Tun da aka ba ƙungiyar Nihon Hidankyo, ta waɗanda suka tsira daga harin Hiroshima da Nagasaki, kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2024, ake ta ja-in-ja kan ko gangamin talakawa na iya sa manyan ƙasashe su kwance ɗamarar nukiliya. Masu cewa aikin baban giwa ne suna da hujja, don har yau akwai kawunan bam kimanin 12,000 a duniya. Sai dai wannan gardama ba yau aka fara ta ba.

Kowa ya san farkon labarin. Bam biyu a Japan cikin Agustan 1945, sai tseren ƙera makamai, sai tattakin adawa da bam zuwa Aldermaston, cibiyar makaman nukiliyar Birtaniya, a Ingila a 1958, inda tambarin zaman lafiya ya fara fitowa. Abin da ba a cika tunawa ba ya faru ne a birnin St. Louis na Amurka.

A ƙarshen 1958 wasu likitoci da iyaye, ƙarƙashin jagorancin Dakta Louise Reiss, suka roƙi yara su aiko da haƙoransu na famfara. Dalilin shi ne, duk gwajin da aka yi a sararin sama yana watsa wani sinadari mai guba, sitironshiyam-90. Ruwan sama ya sauko da shi kan ciyawa, saniya ta ci, ya shiga madara, jikin yaro kuma ya ɗauke shi tamkar kalsiyam ya adana a ƙashi da haƙori. Uwa za ta cike 'yar takarda, ta rubuta shekarar haihuwar ɗanta da irin madarar da ya sha, ta saka haƙorin a ambulan. Yaro kuwa a aiko masa da bajo mai cewa ya ba kimiyya haƙorinsa, ya maƙala a riga yana washe giɓi. Kafin a rufe aikin a 1970, an tara haƙora sama da 300,000.

Sakamakon farko ya fito a mujallar Science a Nuwamban 1961, ya nuna gubar tana ƙaruwa a haƙoran yara. Daga baya aka gano waɗanda aka haifa a 1963 suna ɗauke da ninki 50 na abin da ke jikin 'yan 1950. A ganina a nan ne magana ta juya. Da can batun bam na masu lissafin yaƙi ne, ana yin sa da harshen da talaka ba ya ji, kuma wannan nisan ya daɗe yana ba makaman mafaka. Yanzu ga shi a kofin madarar safe. A watan da sakamakon ya fito, mata kimanin 50,000 suka yi zanga-zangar adawa da gwajin bam a biranen Amurka 60.

A Agustan 1963 Amurka da Birtaniya da Tarayyar Sobiyat suka sa hannu a Mosko kan haramta gwaji a iska, a sararin samaniya da ƙarƙashin ruwa. Ba haƙora kaɗai suka jawo hakan ba, fargabar rikicin Kuba na 1962, da ya kusa jefa Amurka da Tarayyar Sobiyat cikin yaƙin nukiliya, ta taka rawa, kuma gwajin ya koma ƙarƙashin ƙasa ne kawai. Amma salon ya zauna. Da shi aka tafi taron Oslo na 2013 kan illar bam ga jikin ɗan'adam, har ƙasashe 122 suka amince da yarjejeniyar haramta makaman a 2017, Najeriya na cikin na gaba-gaba. Yarjejeniyar ta fara aiki ranar 22 ga Janairun 2021, ba tare da ko ɗaya daga cikin ƙasashe tara masu bam ɗin ba.