Albashi, fansho da hatsarin wurin aiki: tambayoyin da masu kamfani a Katsina ke yi mini

Na daɗe ina riƙe wa ƙananan kamfanoni littafin lissafi a cikin birnin Katsina: gidajen burodi, masu ruwan leda, injinan casar shinkafa da makarantun kuɗi. Waɗannan tambayoyi su nake yawan sha daga bakin iyayen gida, wani lokaci kuma daga yaransu idan maigida ya fita salla.

Naira 70,000 ɗin nan ta mafi ƙarancin albashi dole ce a kan kowa?

A'a. Shugaba Tinubu ya sa wa dokar hannu a Yulin 2024, ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga 30,000 na 2019, ta kuma rage wa'adin sake duba shi daga shekara 5 zuwa 3. Amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka wanda ake biya da kamasho ko gwargwadon abin da ya yi, da aikin gona na damina. Mai shago a Babbar Kasuwa da yara uku ba ya ciki. Makarantar da ke da malamai 30 tana ciki dumu-dumu, ko mai ita ya sani ko bai sani ba.

To me ya sa masu kamfani ke ta kuka?

Don komai ya faɗo musu lokaci guda. An cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira ta zube, sannan juyin mulkin Nijar na watan Yuli ya sa aka rufe iyaka har zuwa Maris 2024. Duk wanda ya san yadda garuruwan kan iyaka, Jibiya da Kwangwalam, ke ciyar da kasuwannin Katsina da Daura ya san abin da watannin nan suka ci. Mai gidan burodi ya sayi fulawa da sukari da dizal da sabon farashi, in ya ƙara wa burodi kuɗi mai shayi ya rage abin da yake ɗauka. Shi ya sa a kwamitin da ya tattauna sabon mafi ƙarancin albashi, wakilan masu kamfanoni, irin su ƙungiyar NECA, suka tsaya tare da gwamnati a kan 62,000, ƙungiyoyin ƙwadago kuma suna neman 250,000.

Abin da na fi ji a nan shi ne, bai kamata a auna Katsina da ma'aunin Legas ba, kuma in aka matsa sai dai a rage ma'aikata. Ni shaida ne kukan nan na gaskiya ne, don ina ganin littafin. Sai dai nakan ce: Alhaji, kwanon masarar da ya tashi maka shi ya tashi wa yaronka, kuma shi ba ya da wanda zai ƙara wa farashi.

Fansho fa, nawa ne, kuma wa ke biya?

Dokar fansho ta 2014 ta wajabta shi a kan kamfanin da ke da ma'aikata 15 zuwa sama. Maigida ya sa aƙalla kashi 10 cikin 100, a cire kashi 8 daga albashin ma'aikaci, a zuba a asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi. Hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ke sa ido. In albashin da ake lissafawa 70,000 ne, maigida zai ƙara 7,000 ke nan, ma'aikaci ya ba da 5,600. Kuɗin ba na kamfani ba ne; ko ya canza wurin aiki asusunsa na biye da shi, in kuma ya rasa aiki ya yi wata 4 bai samu wani ba, yana iya karɓar kashi 25 na abin da ya taru.

Wasu na gudun tsarin saboda tsoron kuɗin ruwa, kuma damuwa ce mai tushe. Tun 2021 akwai asusun da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, wanda ake kira asusu na shida, ma'aikaci na iya neman a mayar da kuɗinsa can.

Abin da ba ni da uzurin da zan ba shi shi ne a cire kashi 8 ɗin a takarda, a juya shi a sayen kaya. Na taɓa barin aiki da wani kamfani a kan haka. Akwai tarar aƙalla kashi 2 na kuɗin da ba a zuba ba duk wata, amma ko babu tara, wannan cin amana ne.

Mu da muke sallamar yaro da jari, ba fansho ba ne wannan?

Al'ada ce mai kyau, ta kafa 'yan kasuwa da yawa a garin nan. Rauninta ɗaya: alkawarin baki ne. In maigida ya rasu, ko ya karye, ko gobara ta cinye shago kamar yadda aka gani a Babbar Kasuwa a 2021, yaron da ya yi shekara goma yana sharar shago da ɗaukar kaya sai ya tashi a tutar babu, magada kuma su ce ba su san zancen ba. A rubuta yarjejeniyar gaban shaidu. Akwai kuma ƙaramin tsarin fansho da aka ƙaddamar a 2019 don masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa, mutum ya riƙa zuba abin da ya sawwaƙa kamar adashi.

In ma'aikaci ya ji rauni a bakin aiki, wa ke da alhaki?

Nan ne aka fi sakaci, alhali nan ne kuɗin ya fi sauƙi. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce maigida ya riƙa biyan kashi 1 na jimillar albashi ga hukumar inshorar ma'aikata, NSITF, ba tare da ya taɓa kuɗin ma'aikaci ba. Ma'aikata 30 a kan 70,000, albashi miliyan 2.1 ke nan, kashi 1 kuwa 21,000 a wata. Hukumar ce za ta ɗauki magani da diyya in an ji rauni ko an rasa rai. Masu kamfani na ƙorafin cewa neman diyyar na da dogon zirga-zirga da takardu, kuma masu zuwa karɓar kuɗaɗe sun yi yawa har ba a bambance su. Wannan magana ce da ƙungiyoyin 'yan kasuwa ya kamata su riƙa ɗagawa da murya ɗaya.

Amma akwai abin da ba ya jiran hukuma. A wani injin casa da nake yi wa lissafi, an cire murfin bel don yana yawan tsinkewa, ana ganin ɓata lokaci ne a riƙa kwancewa ana ɗaurawa. Wani yaro ɗan kimanin shekara 19 ya sunkuya zai ja buhu, hannun rigarsa mai faɗi ya shiga. Kafin a kai ga makunni, don yana can bayan tarin buhuna, yatsu uku sun tafi. Ni na rubuta kuɗin asibitin a littafi, ni kuma na rubuta na mai walda da ya mayar da murfin washegari, bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na kuɗin asibitin ba. Mahaifin yaron ya zo ya ce ƙaddara ce, ya yafe. Maigidan bai yi barci ba kwana da kwanaki, ya bar yaron a bakin sikeli yana rubuta awo, kuma har yanzu da hagu yake riƙe biro.