Jackie Robinson da shingen launin fata a wasan besbol

Duk ranar 15 ga Afrilu, 'yan wasan babbar gasar besbol ta Amurka kan fito da lamba 42 a bayan riga. A irin wannan rana ce, a 1947, Jackie Robinson ya shiga filin Ebbets sanye da rigar Brooklyn Dodgers mai lamba 42, bayan an shafe sama da shekara 60 ba a ga baƙar fata a gasar ba.

Babu wata rubutacciyar doka ta gasar da ta hana su. Ai Moses Fleetwood Walker ya buga wa Toledo tun 1884. Masu ƙungiyoyi ne suka haɗa baki daga baya, suka rufe ƙofa shiru. Da baƙaƙe suka ga haka, sai suka kafa tasu gasar ƙarƙashin Rube Foster a 1920, kuma daga ɗaya daga cikin ƙungiyoyin baƙaƙen, Kansas City Monarchs, Branch Rickey, shugaban Dodgers, ya ɗauko Robinson a 1945.

Sharaɗin Rickey ɗaya ne: ko an zage ka, kada ka rama. Wanda aka gindaya wa sharaɗin kuwa ba kanwar lasa ba ne. A 1944, yana hafsan soja a Texas, direba ya ce ya koma kujerar baya a motar bas, ya ce ba inda za shi. Har kotun soja aka kai shi, ta wanke shi. Wannan mutumin ne ya haɗiye zuciya yayin da Ben Chapman, kocin Philadelphia Phillies, da yaransa ke yi masa ruwan ashar daga benci. Masu jifa suna auna jikinsa da ƙwallo, ana taka masa ƙafa da ƙusoshin takalmi, wasiƙun barazanar kisa suna ta zuwa. Duk da haka shi ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa na 1947, ya zama gwarzon National League, ɗaya daga cikin rukunai biyu na babbar gasar, a 1949, sannan ya ci kofin World Series, wato wasannin ƙarshe na fitar da zakara, da Dodgers a 1955.

Akwai ɓangaren da ba a cika faɗa ba. Rickey bai biya Monarchs ko sisi ba. Da taurari suka fara ƙaura, 'yan kallo suka bi su, gasar baƙaƙen ta durƙushe, masu ƙungiyoyi da kocinsu suka rasa madafa. Ƙofar ma a hankali ta buɗe; Boston Red Sox sai 1959 ta saka baƙar fata a fili.

Robinson bai ɓoye rashin gamsuwarsa ba. Kwana 9 kafin rasuwarsa a Oktoban 1972, yana da shekara 53, ciwon sukari ya ci idonsa, ya tsaya gaban 'yan kallo a Cincinnati ya ce yana so ya ga baƙar fata yana jagorancin ƙungiya. Sai a 1975 Cleveland ta fara wasa ƙarƙashin Frank Robinson, wanda suna kawai suka haɗa.