Simfoni na 9 na Mahler: me ya sa faifai ɗaya bai isa ba?

Wane kiɗa ne wannan?

Simfoni dogon kiɗa ne da ake rubuta wa babbar ƙungiyar makaɗa. Wannan aikin marubucin kiɗa Gustav Mahler ne, kashi huɗu, kayan kiɗa zalla babu muryar mawaƙi. Ya rubuta mafi yawansa a 1909, ya rasu a 1911 bai taɓa jin an kaɗa shi ba. Almajirinsa Bruno Walter ne ya fara jagorantar makaɗa suka gabatar da shi a Viyana, babban birnin Ostiriya, a 1912.

Tunda a rubuce yake, me zai bambanta faifai da faifai?

Takarda za ta ce a tafi sannu a hankali, amma ba za ta faɗi minti nawa ba. Wannan hukuncin jagoran makaɗa ne. Kashi na ƙarshe, Walter ya gama shi cikin minti 18 da 'yan kai a 1938. Leonard Bernstein da makaɗan Amsterdam sun kai kusan minti 30 a 1985. A hannun Walter kiɗan na tafiya ne kamar mai sauran magana a baki kuma lokaci ya ƙure masa. Bernstein kuwa jan kowane amo yake yi, ba ya son sakinsa.

Me ya sa ake yawan ambaton na 1938?

An ɗauke shi ne kai tsaye a gaban jama'a a Viyana ranar 16 ga Janairu, wata biyu kafin Hitler ya haɗe Ostiriya da Jamus. Walter Bayahude ne. Haka ma shugaban masu goge, Arnold Rosé, mijin ƙanwar Mahler, wanda aka raba da kujerarsa, daga baya ya yi hijira zuwa Landan. Faifan na da ƙarar tsufa, akwai wuraren da makaɗan ba su tafi tare ba. Amma ka kasa kunne ga masu goge, yadda suke zame yatsa daga amo zuwa amo, salon da yanzu ba a cika yi ba. Wasu na cewa ya yi gaggawa. Ni dai ban ji wanda ya kai shi zafi ba.

Da wanne sabon shiga zai fara?

Na Herbert von Karajan da makaɗan Berlin, wanda aka ɗauka a 1982, don sautinsa tas yake, kowane ƙaho da sarewa za ka ji shi. Idan kunnenka ya saba, ka zaɓi minti biyar na farkon kashi na huɗu, ka saurare su a faifan Karajan, nan take ka sa na Walter, sannan na Bernstein.